Musayar Waƙa: Garkuwar Masu Hayaƙi

Mai Tawada:

Salamu alaikum, sha'irai. Wata magana ce ta tsaya mini a rai: yunƙurin da ake yi, musamman a Amurka, na kafa dokar da za ta hana kai kamfanonin mai da kwal ƙara kan ɓarnar sauyin yanayi. Ga nawa, mai amsawa ya zo da amsa-amonsa.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Ya ba ni basira in faɗi gaskiya.

Hayaƙin mai da kwal yana ta hawa,
Ya zama bargo, ya lulluɓe duniya.

Zafi ya ƙaru, ƙanƙara na narkewa,
Can ana fari, nan ana ambaliya.

Wanda ruwa ya ci ya nufi kotu,
A ji kukansa, a ba shi diyya.

Sai masu hayaƙin suka nufi majalisa,
Suna neman doka ta ba su kariya.

Wai kar alƙali ya buɗe takarda,
Kar a kira shaida, kar a yi tambaya.

Irinta masu ƙera bindiga suka samu
A 2005, ta toshe wa masu ƙara hanya.

Tambayata gare ku, ma'abota baiti:
Mai ɓarna ne zai rubuta wa kansa yafiya?

Tsohon Injiniya:

Wa alaikumus salam, Malam. Shekara 30 na yi a tashar wutar lantarki, ka saurari nawa.

Malam Mai Tawada, na ji batunka,
Amma dakata, akwai abin dubawa.

Na kwana gaban inji yana ruri,
Gumi na zuba, kunne na toshewa.

Wutar da muka tura ta isa asibiti,
Jariri a kwalba ya sami rayuwa.

Wa ya ƙona man? Ai ni da kai ne,
A mota, a jirgi, a wajen dafuwa.

Doka ce ta ba su izinin haƙa,
Gwamnati na karɓar haraji tana yabawa.

Yau a ce abin da aka halatta jiya
Ya koma laifi mai neman ramuwa?

Hayaƙi ba ya tashi da tambari,
In ya hau sama duk yana cakuɗewa.

Ta yaya za ka ce guguwar bana
Daga bututun wane take fitowa?

In aka ci su tara farashi zai tashi,
Talaka zai ji a jikinsa wajen sayowa.

Wannan kulli na majalisa ne da gwamnati,
Ya fi ƙarfin alƙali guda warwarewa.

Ɗalibar Shari'a:

Baba, ina gaisuwa. Zan amsa maka da wata shari'a da na bi har ƙarshenta.

Baba Injiniya, Allah ya saka maka,
Ban raina gumin da ka zubar ba.

Amma ga wani manomi a ƙasar Peru,
Saúl Luciano Lliuya, bai yi shiru ba.

Gidansa na Huaraz, a gindin duwatsu,
Sama da shi tafki, bai daina cika ba.

Palcacocha ke nan, ƙanƙara ke shayar da shi,
Ran da zai ɓalle ba zai yi sallama ba.

A 1941 ya taɓa afka wa garin,
Mutanen wurin ba su manta ba.

A 2015 ya kai RWE ƙara a Jamus,
Kamfanin lantarki da bai taɓa aiki a Peru ba.

Ya ce kasonsu a hayaƙin duniya
Bai cika rabin kashi 1 cikin 100 ba.

Su biya daidai wannan a aikin kare garin,
Kusan Yuro 17,000, bai nemi ƙari ba.

Alƙalai suka taso, suka hau dutsen,
Ba su tsaya ga ji a bakin wani ba.

A Mayun 2025 kotun Hamm ta yanke:
Haɗarin da ke kan gidansa bai kai ma'auni ba.

Shekara 10 ya yi, ya faɗi shari'ar,
Ko Yuro guda ba a ba shi ba.

Amma kotun ta ce babban mai hayaƙi
Ana iya kama shi, nisa bai wanke shi ba.

Ka ga alƙali ya auna, ya tace,
Hujja mai rauni ba ta wuce ba.

To me ake tsoro da za a kulle ƙofa
Tun mai kuka bai buɗe baki ba?

Uwar Baiti:

'Yata, madalla, bari in ɗora,
Ni abin da ke ci mini rai shi ne sani.

A 1977 wani masanin kamfanin mai na Exxon
Ya tara shugabanninsa na wancan zamani,

Ya ce ƙona man na ɗumama duniya,
Suka yi lissafi, suka ɗora a mizani.

Daga baya aka fito ana shuka shakka,
Wai a dakata, masana na kan tunani.

Ƙanena Injiniya, a duhu na sayi man,
Mai sayarwa na riƙe da fitila, yana gani.

Ƙarar da birnin Honolulu na Amurka ya shigar a 2020
Kan yaudara take, da ɓoye bayani.

Masu sigari ma sun nemi garkuwa,
Ƙudurin ya faɗi, ya zama marar amfani.

A 1998 suka sasanta da jihohi 46,
Dala biliyan 206, ramuwar kuɗin magani.

Takardunsu na sirri suka fito fili,
Da an kulle kotu, da wa zai sani?

Tsohon Injiniya:

Yaya Uwar Baiti, wannan ta shige ni,
Mai ɓoye gaskiya ba ni karewa.

Amma dubi Shell a kotun Holan,
A 2021 aka ce ta rage fitarwa,

Kashi 45 cikin 100 kafin 2030,
A 2024 kotun gaba ta zo da sokewa.

Shekaru na ƙarewa a zauren shari'a,
Takardu na taruwa, teku na ƙaruwa.

A yi asusu, kowa ya zuba kasonsa,
A ajiye ƙara, a kama gyarawa.

Mai Tawada:

Baba, ai asusun an riga an kafa,
A Masar a 2022 aka yi yarjejeniya.

A Dubai a 2023 aka ɗau alkawari,
Kimanin dala miliyan 700 gaba ɗaya.

Pakistan kaɗai ta tafka asarar
Dala biliyan 30 a 2022, a ambaliya.

Mutum miliyan 33 abin ya shafa,
Uwa ta ɗaga ɗanta sama, ruwa har wuya.

Tun a Paris a 2015 aka rubuta
Cewa batun asara ba ya jawo diyya.

Kyauta ce ke nan, sai an ga dama,
Ba bashi ba ne da dole a biya.

Vanuatu, ƙasa a tekun Pacific, ta ɗau kukan har Kotun Duniya,
Ɗaliban tsibirai ne suka share hanya.

A Yulin 2025 alƙalan suka ce
Ƙasa mai sakaci tana iya biya.

Ra'ayin shari'a ne, ba ya tilastawa,
Amma ya zama sanda a hannun mai tafiya.

In asusu ne, Baba, ina bayanka,
A zuba kuɗin tukun, kafin batun yafiya.

Ɗalibar Shari'a:

Baba, ka ce a bar wa majalisa. Akwai waɗanda kotu ta faɗa wa haka.

Kivalina ƙauye ne a gaɓar Alaska,
Mutanensa ba su kai 500 ba.

Ƙanƙarar teku ce katangarsu a da,
Yanzu guguwa na zuwa, ba ta daskare ba.

A 2008 suka kai kamfanoni ƙara,
Kuɗin ƙaura suka nema, ba su samu ba.

A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta ce
Maganin na majalisa da gwamnati ne, ba nata ba.

Suka koma gida, suka ci gaba da jira,
Igiyar ruwa ba ta daina cin gaɓar ba.

An yi musu hanyar gudu da sabuwar makaranta,
Har yau ba a gama ɗauke ƙauyen ba.