Neman shawara: tafiya ƙasar waje domin kamun giwan ruwa da fatsar gashi

Abu Safiya, Jidda:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Shekarata tara ina aiki a Jidda, kuma abin da ke ɗebe mini kewa ranar Juma'a da yamma shi ne in ɗauki fatsata in nufi bakin Bahar Maliya wajen Abhur. Kwanakin baya wani abokin aikina ya nuna mini wata irin fatsa da ban taɓa gani ba, wadda ba a sa mata ƙoto ko dalma, sai dai a ɗaure gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ɗan kifi, kuma nauyin igiyar ne ke kai ta nesa idan an kaɗa sandar gaba da baya. Ya ce akwai kamfanonin da ke ɗaukar mutum mako guda, da ɗan jagora da jirgi da abinci, su kai shi inda giwan ruwa yake. Ni Bakabe ne, tun ina yaro nake ganin ana fito da giwan ruwa daga Matan Fada a bikin Argungu, amma ban taɓa riƙe shi da hannuna ba. Wurare uku aka ambata mini: Tafkin Nasir a Masar, kogin Faro a arewacin Kamaru, da ƙasan gangaren ruwan Murchison a Yuganda. Hutuna a Fabrairu yake, kuma sau biyu kacal na taɓa jefa irin wannan fatsa. Wanne ya dace da ni, kuma me zan tambaya kafin in ba da kafin alƙalami?

Baba Alhaji, Makka:

Wa alaikumus salam, ɗana. A Mai Wurno aka haife ni, a bakin Shuɗin Nilu, kuma na yi su a Wadi Halfa shekaru da dama kafin in zo nan, don haka tafkin nan ba labarinsa na ji ba. Ruwa ɗaya ne da babbar madatsar Aswan ta tara bayan an kammala ta a 1970, Misirawa suna kiran nasu ɓangaren Nasir, namu na Sudan kuwa Tafkin Nuba. Mutanen Sudan suna ce wa giwan ruwa ijil, wato maraƙi, kuma wanda ya taɓa jan babba ya san ba a banza aka ba shi sunan ba. Kifi ne mai kwanton ɓauna, yana laɓewa a inuwar dutse, ya zuƙe abin da ya gifta gaba ɗaya, kuma da zarar ya ji ƙugiya sai ya yi tsalle yana girgiza kai, sannan ya nufi duwatsu domin ya tsinke igiyar. Marfin kuncinsa yana da kaifi kamar aska, kada ka kuskura ka cusa hannu a wurin.

Abin da ya fi damuna shi ne watan da ka ambata. A lokacin sanyi giwan ruwa yana gangarawa zurfi, manyan da ake kamawa a lokacin kuma yawanci da kifin roba ne da ake ja a bayan jirgi, gashin tsuntsu ba ya kai wa inda suke. Wanda aka rubuta a matsayin mafi girma da aka kama da fatsa, mai kilo 104, a tafkin aka same shi cikin Disamba 2000, shi ne kuma hoton da ke ruɗar mutane, alhali taru ya rage kifin sosai tun daga lokacin. Sai ruwa ya yi ɗumi, daga Afrilu zuwa gaba, yake matsowa gaɓa inda mai fatsar gashi zai iya samunsa daga kan dutse. Ɓangarenmu na Sudan kuwa, tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ba na ba kowa shawarar zuwa yawon shaƙatawa.

Injiniya, Yanbu:

Baba ya gama magana a kan tafkin. Ni Faro na je, kuma Fabrairu lokacinsa ne, domin rani ne, ruwa ya janye ya yi garau, kifi ya taru a gurbi masu zurfi. Ana sauka Duwala ko Yawunde, a hau jirgin cikin gida zuwa Garwa, sannan a yi tafiyar sa'o'i a mota, kuma da Hausarka ba za ka rasa abokin hira ba ko da yake Fillanci ya fi yawa. Da rana ana neman tsage, wanda sai an sa waya a gaban ƙugiya saboda haƙoransa, giwan ruwa kuwa sai bayan faɗuwar rana, cikin duhu, kana tsaye a kan yashi ko dutse kana jin hucin dorina, ga kuma kada a cikin ruwan.

Yaya, gaskiyar da kamfani ba zai gaya maka ba ita ce, wannan ba wurin koyo ba ne. Sandar giwan ruwa lamba 12 ce a ma'aunin ƙarfin sandunan wannan fatsa, wato mai nauyi, gashin kuma ya kai tsawon tafin hannu, kuma za ka yi ta kaɗa shi sa'o'i ba tare da kana ganin inda yake bi ba. A darena na biyu ƙugiyar ta dawo ta kafe a kafaɗata, kuma duk makon sau uku giwan ruwa ya ɗauka, biyu suka kuɓuce mini domin na ɗaga sanda kamar yadda muka saba a teku, alhali a wannan fatsar igiyar ake fizga da hannu ƙugiya ta shiga. Mutane kaɗan ake karɓa kowane mako, shi ya sa kuɗin yake kai dubban daloli kuma ake kama wuri watanni kafin lokaci. Tunda kana bakin teku, ka sayi sanda ka yi ta jifa cikin iskar Jidda har sai kana iya kai mita 20 ido rufe. Murchison kuwa ruwa ne mai ƙarfin gaske, galibi da ƙoto mai rai ko kifin roba ake kamawa, kuma sai da takardar izinin hukumar namun daji, don haka ban ga ya dace da abin da kake nema ba.

Hajiya Umma, Madina:

Ƙanena, ban san fatsa ba, amma na san takardu. Ka tabbatar bizar fita da dawowa ta fito a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, kuma iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, ba za ta ƙare kana can ba. Kamaru tana neman katin rigakafin cutar shawara, kuma ka ga likita a kan maganin zazzaɓin cizon sauro. Ka sa kamfanin ya rubuta maka ko kuɗin ya haɗa da izinin kamun kifi da jigila daga filin jirgi, nawa za a mayar maka idan ka fasa, wa ke yanka naman da ake dafawa, kuma yaya ake fitar da mutum zuwa asibiti idan ya ji rauni. Ka kuma duba kalanda, domin a 'yan shekarun nan azumi cikin Fabrairu da Maris yake faɗowa.

Baba Alhaji, Makka:

Na manta ban tambaya ba, ashe gaskiya ne a waɗannan tafiye-tafiye sakin kifin ake yi bayan an ɗauki hoto? Kifin da zai ciyar da unguwa guda! Allah gafarta Malam, ina hukuncin wannan?

Malam, Riyad:

Baba, aya ta 96 cikin Suratul Ma'ida ta halatta mana abin da aka kama a ruwa. Sai dai malamai da yawa sun ƙi farautar da ba a nufin komai da ita sai wasa, suna kafa hujja da hanin da ya zo a Sahihu Muslim na mayar da mai rai abin gwajin harbi. Wasu kuma sun sauƙaƙa idan sakin yana da manufa, kuma a nan akwai ta, domin manyan giwan ruwa galibi mata ne masu zuba miliyoyin ƙwai. Wanda ya bi wannan ra'ayi, to ya danne ɗan haƙorin da ke hana ƙugiya fita, kada ya daɗe da kifin a waje, ya riƙe shi cikin ruwa har ya farfaɗo.

Abu Safiya, Jidda:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan nemi a ɗage mini hutun zuwa ƙarshen Afrilu in fara da Aswan, tunda ya fi kusa kuma da rana ake jifa, Faro kuwa sai hannuna ya faɗa. Injiniya, lamba 12 zan fara saya domin koyo, ko lamba 9 ta isa tukuna?