Wace kalma za mu sa wa "défilement horizontal"?

Na Birni:
Salamu alaikum. Muna shirya wa ɗalibai takardar koyon Vim (manhajar rubutu da gyara shi a kwamfuta) da Hausa a nan Damagaram, sai muka cije a kan défilement horizontal: layi ya fi allo faɗi, an sa `set nowrap` (umarnin da ke hana layi saukowa ƙasa), rubutu na tafiya hagu ko dama. Na rubuta "gungurawa ta gefe". Me kuka gani?

Ta Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam. Gungura ta dace da sama da ƙasa, tunda tayar linzamin kwamfuta ake murzawa. Na gefe kuwa gusawa yake. A Vim `sidescroll`, wato saitin yawan haruffan da rubutu ke matsawa gefe a lokaci guda, a kan 0 yake zuwa, shi ya sa da ƴar sandar rubutu ta kai bakin allo sai rubutun ya yi tsalle, sandar ta koma tsakiya, ido ya rasa wurinsa. An yi haka ne saboda tsofaffin na'urori masu nawa wajen sake zana allo. Ku sa `set sidescroll=1`, zai riƙa matsawa harafi ɗaiɗai; Neovim, sabon reshen Vim, ma da 1 yake zuwa. Shawarata: "gusawar gefe", lambar kuma "takun gusawa".

Na Zengu:
Ina bayan Yaya. Amma a riƙe "gefe", a bar zancen dama da hagu. Da `zl` a Vim taga ce ke zuwa dama, a Emacs kuma (wata manhajar rubutun ce) `C-x <` sunansa scroll-left, don rubutun suka duba. Aiki ɗaya, suna biyu masu karo da juna. Ga ajami kuma, ƙarshen layinsa a hagu yake. Ku rubuta "gusa zuwa ƙarshen layi" da "gusa zuwa farkon layi".

Na Birni:
Madalla. To `sidescrolloff` fa?

Ta Sabon Gari:
"Ratar baki". 5 ta wadatar, wato gurbin harafi 5 tsakanin sanda da bakin allo, daidai da `hscroll-margin` na Emacs. In an sa 999 sandar takan kafe a tsakiya, rubutun ya yi ta motsi. Ku ja kunnen ɗalibai kuma: `extends:>` da `precedes:<` na cikin `listchars`, alamomin da ke nuna akwai sauran rubutu bayan bakin allo, ba sa fitowa sai an sa `set list`, kuma in ba a haɗa da `tab:` ba, kowane tab (tazarar da maɓallin Tab ke sawa) zai bayyana a matsayin ^I.

Na Birni:
Allah ya saka da alheri. Mun ɗauki ukun, gungura kuma ta zauna a sama da ƙasa. Saura `wrap`: naɗe layi ko karya layi?