Kiyashin da ba ya iya tafiya a fili: wa ya taɓa cin karo da shi?

Mai Lambu:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya ina sassaƙe ɓawon wani tsohon mangwaro, sai na tarar da siraran hanyoyi a cikinsa, maƙil da ƙananan kiyashi da tsawonsu bai wuce milimita 3 ba. Na ɗauka gara ce. Da na kakkaɓo kaɗan a tafin hannu, ko ɗaya bai gudu ba, sai tangaɗi suke suna kifewa. Wa ya san su?

Ɗalibar Ƙwari:
Wa alaikumus salam, Malam. Yadda ka siffanta, Melissotarsus ne. Ranar da na fara ganin ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, na zaci ƙafarsa ce ta karye. Ashe haka Allah ya halicce su: ƙafafun tsakiya sama suke kallo, da su suke dafa rufin ramin. A fili babu rufin da za su dafa, shi ya sa suka kife a hannunka. Carlo Emery, masanin ƙwari ɗan Italiya, shi ne ya raɗa wa jinsin suna a 1877. Nau'o'i 4 aka sani: beccarii, emeryi, weissi, sai insularis na Madagaska.

Mai Dashen Itatuwa:
Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne zaren. Na ɓantare ɓawo, na dawo bayan ɗan lokaci, sai na iske sun toshe wurin da wani farin zare haɗe da garin itace. Kiyashi ma'aikata da suka gama girma ne ke fitar da shi daga ƙasan kansu, suna ja da ƙafafun gaba. Wallahi na daɗe a tsugune ina kallo. Akwai kuma wasu mitsi-mitsin ƙwari masu tsotsar ruwan itace da suke kiwo a ramin, na dangin Diaspididae.

Tsohon Malami:
'Yata, ki ƙara musu da maganar rabe-raben dangin kiyashi, don ni can na sha wahala. Shekaru ina koyar da cewa suna ƙaramin dangin Myrmicinae, reshen Melissotarsini, tare da 'yan'uwansu Rhopalomastix na Asiya. Sai binciken ƙwayoyin gado na 2015 ya rushe wannan reshe, aka mayar da su cikin reshen Crematogastrini. Ɗalibina ne ya gyara min a aji, na ji daɗi ƙwarai.

Mai Lambu:
Na gode, Baba. Gobe da safe zan koma in duba ko sun toshe inda na sassaƙe.