Waɗanda suka bar sigari a Kumasi, yaya kuka yi?

Mai Pragya (keken haya mai ƙafa uku), Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka sha sigari suka bari. Illarta na sani, hoton da ke jikin kwalin ma ya ishe ni wa'azi. Matata na da juna biyu, kuma ɗaki ɗaya muke kwana. Da azumi ina kai magariba lafiya lau, amma ana kiran salla, kafin in taɓa koko na kunna. Idan na shiga layi ina jiran fasinja kuwa, hannuna da kansa yake tafiya aljihu. Me kuka yi a irin waɗannan lokutan?

Tela, Alabar:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ka riga ka gano rabin maganin, tunda ka san lokutanka. Ni kafin in bari, takarda na liƙa a jikin keken ɗinki, duk karan da na kunna sai in rubuta lokaci da abin da nake yi. Da na duba, kusan duka a wuri uku suke: bayan koko da ƙosai da safe, bayan wake da shinkafa da rana, sai kuma idan an ɗauke wuta aiki ya tsaya. Na ƙarshen nan shi ne mugun, domin zaman banza ne ga haushin kayan mutane da ba a gama ba.

Sai na yi wa kowane ɗaya shiri tun kafin ranar. Ina ajiye kwanon abinci zan miƙe in wanke baki, in sa asuwaki, ba na ƙara minti ɗaya a kan bencin. Aikin hannu, su sa maɓalli da kalmasa, na daina yin su da safe, na riƙa tara su sai an ɗauke wuta. Na zaɓi wata Juma'a na gaya wa yaran shago da maƙwabta. Daren Alhamis na zubar da laita da ashana, na ba da rigunana wanki saboda warin. Sannan na je wurin mai kiyos ɗin bakin layinmu na ce, Mma, ko na zo ina roƙo kada ki sayar mini, ko kara ɗaya, ko bashi. Allah Ya saka mata, ta riƙe amana, akwai ranar da ta miƙo mini gyaɗa kawai ta juya baya.

Kai da kake kan pragya, ajiye asuwaki da ruwan leda a daidai aljihun da sigarin yake zama. Idan layi ya yi tsawo, sauka ka goge keken.

Dattijo, Asawase:
Ni goro ne ya fitar da ni. Duk lokacin da ƙishirwar sigari ta motsa sai in ɓare ɓari guda. Amma ku yi hankali da masu cewa a koma taba gari, wai ta fi sauƙi. Abokina ya bi wannan hanya, yau ga shi da gari ga sigari.

Ma'aikaciyar jinya, Tafo:
Baba, Allah Ya ƙara lafiya, amma bari in ɗan ƙara bayani kan goron. Hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin fitar da sinadarin kafeyin da ke cikin goro da ataya da kofi. Idan mutum ya bari, goron da ya saba ci sai ya fi ƙarfinsa, barci ya ƙaurace, zuciya ta riƙa bugawa, shi kuma ya ɗauka rashin sigari ne, sai ya koma sha. Na ga haka a kan mahaifina. Sai da muka rage masa goro muka hana na yamma sannan ya samu barci.

Yaya mai pragya, nikotin, wato sinadarin da ke sa jarabar taba, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa, shi ya sa jiki yake saurin ɗaure shi da duk abin da kake yi a lokacin. Amma ƙishirwar ba ta daɗewa, takan taso ta lafa cikin 'yan mintuna ko ka sha ko ba ka sha ba. Abin da muke koya wa mutane shi ne su jinkirta, su kurɓi ruwa a hankali, su ja dogon numfashi, su tashi daga wurin. Makon farko ya fi wuya, musamman kwana na 2 da na 3: saurin fushi, ciwon kai, yawan jin yunwa. Yawanci cikin mako 2 zuwa 4 abin yana sauka. Idan kana kunnawa da zarar ka farka, je asibiti ko wurin mai harhaɗa magani ka tambayi cingam ko filastar nikotin, haɗa su da shawarar ma'aikacin lafiya ya fi kowane ɗaya shi kaɗai aiki.

Maganar madam kuma ina roƙonka, tun daga yau kada a sha a ɗakin. Buɗe taga ba ya wadatarwa, kuma hayaƙin da mai ciki ke shaƙa na iya sa a haifi jariri da ƙarancin nauyi.

Ɗan Sawaba:
Ni gaskiya asuwaki bai yi mini komai ba sai da na bar bes ɗin ataya. Ana zuba kofin farko wani zai miƙo maka kara, ba don mugunta ba, haka zaman yake. Na ƙaurace na wani lokaci, na koma buga ƙwallo da yamma, an yi ta cewa na yi girman kai. Ya yi mini zafi ƙwarai, domin tare muka tashi. Yanzu ina zuwa, amma na ce musu a fili na bari, kuma ina zama ta inda iska ba ta kawo hayaƙin. Shisha ma kada wanda ya ruɗe ku da ƙamshinta, taba ce.

Tsohon direban tirotiro (ƙaramar bas ta haya), Kejetia:
Tun 2012 dokar lafiyar jama'a, Act 851, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a da motocin haya. Ni na ɗora tawa a kai: ba a mota, ba a tasha, ba a gida. Wurin sha ya yi ta ƙanƙancewa har na ga tafiyar neman lungu ta fi sigarin wahala, sannan na sa rana na yanke. Tela ya yanke lokaci guda, ni sai da na rage, amma ragewar da ba a sa mata ranar ƙarshe ba, ban ga wanda ta fitar ba a tasharmu.

Uwargida, Yalwa:
Bari in faɗi ta ɓangaren mata, ko madam ɗinka za ta karanta. Lokacin da maigidana yake fama, abin da ya roƙe ni shi ne kada in riƙa shinshina rigarsa idan ya dawo. Kuɗin sigarin kullum da dare yake miƙo mini in sa a akwatin susu, ranar da muka fasa kuɗin makarantar yarinyarmu ya fito a ciki. Ya taɓa zamewa a wurin zaman makoki, wani ya miƙa masa ya karɓa. Ya dawo yana cewa shi ke nan ya lalata komai. Na ce Alhaji, kara ɗaya ka sha, gobe ma ka kawo kuɗin akwati. Tun daga nan idan zai je taron suna ko makoki, da ƙaninsa yake tafiya, wanda ba ya sha, kuma ana shafa fatiha suke tasowa.