Ina son ɗan lambu a barandar bene, amma tun safe nake fita aiki

'Yar Bene:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a Kano, ƙarfe 7 na safe na fita, sai wajen magariba nake dawowa. Ina da baranda ƙarama a hawa na biyu, tana kallon gabas. Abin da nake sha'awa shi ne in dawo in tsinki na'a-na'a ta kaina in jefa a shayi, in samu ɗan ganyen miya, in da hali har da tumatir. Me zan fara shukawa, a cikin me, kuma yaya ake yi da ban ruwa ga wadda ba ta wuni a gida?

Anti Mai Lambu:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Barandar da ke kallon gabas kin dace da ita, domin ranar safe take samu, ta la'asar mai ƙona ganye ba ta isowa. Amma ki ajiye maganar tumatir tukuna. Fara da na'a-na'a, lawashi da alayyahu.

Na'a-na'a ba sai kin nemi iri ba. Cikin wadda kika sayo a kasuwa ki zaɓi reshe mai ƙwari, tsawon ɗan yatsa da rabi, ki zage ganyen ƙasa ki bar huɗu na sama, ki tsoma a kofin ruwa. Ki riƙa canza ruwan duk kwana 2. Cikin kwana 7 zuwa 10 za ki ga fararen saiwoyi, sai ki dasa. Ki ba ta mazubinta ita kaɗai, don saiwarta yaɗo take yi a ƙarƙashin ƙasa, duk abin da kika haɗa ta da shi sai ta shaƙe shi. Kuma a kai ake tsinkarta, ba a gindi ba, ta haka take yin rassa ta cika. Lawashi ya fi wannan sauƙi: gindin albasa mai saiwa da kike yankewa ki zubar, shi za ki binne sama-sama, cikin mako 2 ya fara ba ki ganye.

Alayyahu irinsa ƙanana ne ƙwarai, in kika watsa shi haka nan zai tsiro a cunkushe. Ki cuɗa ɗan tsunkule ɗaya da yashi cikin tafin hannu, ki barbaɗa, ki rufe da ƙasa kaɗan. Kwana 3 zuwa 5 ya fito. Ki rage shi har ya zama akwai faɗin yatsu huɗu tsakanin kowane tsiro. Mako 4 ya isa yanka. Kada ki tuge, ki yanka ki bar kamar taƙi ɗaya, zai sake tohowa sau biyu ko uku.

Inda mutane suka fi faɗuwa ita ce ƙasa. A ɗebo jar ƙasa ko laka daga bakin hanya a cika bokiti, bayan ban ruwa uku ta daskare kamar bulo, saiwa ta rasa iska, ganye ya yi rawaya, mai shukar ta ɗauka ƙishi ne ta ƙara ruwa, shi ke nan ta ƙarasa shi. Haɗin da ke aiki: kwano 2 na ƙasar gona mai laushi, kwano 1 na ruɓaɓɓen taki, kwano 1 na yashi ko ɓuntun shinkafa. Ki jiƙa ki dunƙula a hannu. In ta dunƙulu amma kina taɓa ta da yatsa ta wargaje, ta yi. Takin kuma lallai ya zama tsoho. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, sai ya yi wata 2 zuwa 3 a jibge, ya yi baƙi, warin ya tafi.

Mazubi kuwa, bokitin fenti mai lita 20 ya isa komai, in fentin ruwa ne aka wanke shi tas. Wanda aka zuba maganin ƙwari ko man inji kada ki kusance shi. Ki ɗora ƙusa a wuta ki huda gindin wuri 6 zuwa 8, ki zuba tsakuwa a ƙasa kafin ƙasar.

Ɗan Kadawa:
Anti ta gama magana, sai dai a wuri ɗaya zan saɓa mata, ta yi haƙuri. Tsakuwar nan ba ta ƙara tsanewar ruwa, wurin saiwa kawai take cinyewa, ta kuma ƙara nauyi. Bokiti mai lita 20 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya kai kilo 25, a bene kuma kike. Ɗan guntun buhu a kan hujojin ya wadatar. Ki jera bokitan ta jikin bango, ba ta bakin ƙarfe ba.

Ga maganar ban ruwa. Ki yi shi da safe kafin ki fita, a gindi, a hankali, har sai kin ga ya fara ɗiga ta ƙasa. Yayyafi sama-sama kullum shi ke sa saiwa ta tsaya a sama, rana ɗaya kika makara shukar ta langaɓe. Kafin ki zuba ki tura yatsa har gaɓa ta biyu, in da danshi ki bari sai gobe. Ki rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, kaurin yatsu biyu, wannan kaɗai yana rage bushewa sosai, musamman da iskar hunturu. Daga Maris zuwa Mayu sau ɗaya ba ya isa. Ki samu gorar ruwa mai lita 1.5, ki huda murfin da allura wuri biyu, ki yanke gindin, ki kifa ta cikin ƙasa ki cika. Gwada ta ranar Asabar kina gida ki ga awa nawa take ɗauka. In ta ƙare cikin awa ɗaya hujin ya yi girma, canza murfi. Baƙin bokiti yana ɗaukar zafi har ya dafa saiwa, ki naɗe shi da buhun algarara.

Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya duk suna yi, haka wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Mai omo, bilic ko gishiri ne ba a so. Ki sa faranti a ƙarƙashi don kada ki riƙa jiƙa wa na ƙasa shanya, amma ki zubar da abin da ya taru, ƙwan sauro wajen mako ɗaya yake buƙata ya zama cikakken sauro.

Tumatir kuma lokaci gare shi. A Kano ana yafa iri a Oktoba ko Nuwamba, a dasa bayan mako 3 zuwa 4, bokiti ɗaya tsiro ɗaya, da sanda a gefe. Roma VF da UC82B su ne aka saba da su a nan, ba sa yin tsawo da yawa. Wajen wata 2 da rabi bayan dashe za ki fara tsinka. In kika shuka a Fabrairu, furen zai fito daidai lokacin da zafi ke kai maki 40, ya bushe ya kakkaɓe ba ɗa ko ɗaya. Yana son rana aƙalla awa 6, don haka ki lissafa awannin barandarki tukuna. Mako 2 bayan dashe ki binne cokalin shayi ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15, nesa da gindi da faɗin tafin hannu, ki maimaita bayan mako 3. Takin yuriya in ya yi yawa ganye za ki samu kore shar, babu 'ya'ya. Da safe ki ɗan girgiza sandar, bene ba ya samun ƙudan zuma sosai, girgizar ce ke taimaka wa furen ya ɗauka. In kika ga gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotsa, ba cuta ba ce, ban ruwa ne yau da yawa gobe babu.

Maman Biyu:
Ba a yi maganar ƙwari ba. 'Yar uwa, duk Asabar ki juya ganye ki duba bayansa. Farin ƙuda a nan yake ɓuya, shi ke kawo ciwon da ke nannaɗe ganyen tumatir da attaruhu, wanda ya kamu kuwa ba ya warkewa, cirewa ake yi. In kika ga farin zane a cikin ganye kamar an bi da allura, tsutsa ce a ciki. Irinta ce, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016. Tsinke ganyen ki ƙulle a leda ki jefar.

Maganin gida: 'ya'yan darbejiya busassu, ki ɓare ki daka giram 50, ki jiƙa a lita 1 na ruwa ya kwana, ki tace da ƙyalle, ki narka ɗan sabulu kamar ƙwayar gyaɗa a ciki. Fesa da yamma, har bayan ganye, sau ɗaya a mako. A ranar ake amfani da shi, ba ya ajiyuwa. Ki wanke ganyen sosai kafin girki, yana da ɗaci. Ƙadangaru kuma suna hawa bene, ƙananan tsiro suke so, tsohon gidan sauro ya raba ki da su.

'Yar Bene:
Allah ya saka da alheri. Na duba, rana tana barin barandar wajen ƙarfe 11. Ke nan tumatir ba zai yi ba?

Ɗan Kadawa:
Awa 4 ke nan ko ƙasa da haka, zai yi tsawo ya siraɗe, 'ya'yan ba za su taka kara sun karya ba. Sa ɗoɗɗoya a wannan bokitin, da latas idan sanyi ya shigo. Attaruhu ma ki gwada guda ɗaya a kusurwar da ta fi daɗewa da rana, amma kada ki zubar da ƙasar in kin ga shiru, irinsa yakan kai mako 3 kafin ya tsiro.