Neman shawara: man zai kai ni, ko in yada zango a hanya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ban daɗe da karɓar lasisin tuƙa ƙaramin jirgi a Amurka ba. Ranar Asabar ina so in ɗauki abokaina biyu a Cessna 172S na haya, tafiyar mil 340 irin na matuƙa. Saboda nauyinmu da kaya ba zan iya cika tanki ba, galan 35 kawai zan sha maimakon 53. A lissafina jirgin na cin galan 9 a awa, yana gudun mil 110 a awa, wato tafiyar awa uku da 'yan mintuna, a samu ragowar man kusan minti 48. Doka a nan ta ce ragowar minti 30 da rana, 45 da dare. Abokaina ba sa son mu tsaya a hanya. Me kuke gani?

Malamin tuƙi: Wa alaikumus salam ƙanena. Ina ka bar iska a wannan lissafi? Idan ta taso maka ta gaba da gudun mil 20, gudunka a kan ƙasa ya koma 90, tafiyar ta zama awa uku da minti 47. Manka kuwa na awa uku ne da minti 53. Ragowar minti shida ke nan, kuma ba ka cire abin da injin zai sha wajen tayarwa da gangarawa bakin titi da hawa sama ba, inda ya fi zuƙar mai. Galan 9 ɗin ma sai ka rage haɗin mai da iska yadda littafin jirgin ya ce. Minti 30 na doka iyakar ƙasa ce. Ni ɗalibaina awa guda nake sa su bari. Ka zaɓi filin jirgi a tsakiyar hanya, ka kira su ka tabbatar suna da mai ranar Asabar.

Injiniyan jirgi: Malam ya gama magana, ni dai gejin mai nake ja maka kunne a kai, kada ka dogara da shi kaɗai. Hau fiffike, buɗe murfi, tsoma sandar awo ka gani da idonka. Ka tsiyayo kaɗan daga ƙasan kowane tanki: 100LL, wato man irin jirginka, shuɗi ne, ruwa kuwa kwanciya yake a gindin kofi. Ka kuma riƙa faɗa wa mai zuba man ko galan kake nufi ko lita. A 1983 ruɗanin fam da kilo wajen auna mai ya sa Boeing 767 na Air Canada ya sauka garin Gimli na Kanada injinansa biyu a mace, balle ɗan jirginka.

Wata matuƙiya: Ɗan'uwa, akwai kuma wanda injinsa ke mutuwa alhali da mai a ɗaya tankin. Cessna na shan duka biyu a lokaci guda, amma ranar da ka hau Piper Cherokee sai ka riƙa juya makunnin mai tsakanin tankin hagu da na dama da hannunka. Hatsarin da ya kashe mawaƙin Amurka John Denver a 1997 a gaɓar tekun Monterey ta California na da alaƙa da makunnin mai da aka ɗora bayan kafaɗarsa ta hagu. In kuma injin Cessna ɗinka ya mutu a sama, Allah ya kiyaye, ka riƙe gudun mil 68 a awa, kowace ƙafa 1,000 ta nisanka daga ƙasa za ta ba ka kusan mil ɗaya da rabi. Zaɓi fili tun kana sama, ka fuskanci iska, ka sa lambar gaggawa 7700 a na'urar da ke nuna jirginka ga masu kula da sararin sama, ka yi kira a 121.5, mitar rediyo ta neman agaji. Kada ka ɗaga hancin jirgi don ka kai wurin da ya fi ƙarfinka, nan ne mutane ke halaka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan yada zango. Malam, in abokan suka ci gaba da ƙorafin ɓata lokaci fa?

Malamin tuƙi: Ka faɗa musu tun yau, kafin su shiga jirgi. Shan mai bai wuce rabin awa ba, wanda hakan ya yi wa yawa ya bi mota.