Zanen 'yan Koriya mai launi guda, mi ya sa ake rububinshi?

DanMabera:
Salamu alaikum 'yan uwa. An ba mu aiki a makaranta kan zanen zamani na ƙasashen waje, ni na faɗa kan Koriya ta Kudu. To na duba hotuna a intanet sai in ga allo fari ko toka-toka da 'yan layuka kawai, babu mutum babu dabba, kuma wai gidajen tarihi na duniya suna baje kolin su. Don Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni, mi ake kallo a ciki? Da gaske nike son in gane.

Malam_Gidadawa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wanga salo sunanshi Dansaekhwa, ya yi ƙarfi a shekarun 1970. Matsalar ita ce a waya kake kallo, hoto yana cinye aikin. Ka ɗauki Park Seo-bo da ya rasu a 2023, shi fenti yake shafawa, tun bai bushe ba ya bi da fensir yana jan layi yana maimaitawa yana sake shafawa yana sake ja, har hannu ya saba zuciya ta natsu, daga baya ma ya koma aiki da takardarsu ta gargajiya hanji da ake yi da ɓawon itace. Ha Chong-hyun kuma buhun algarara ya samu, ta baya yake tura fenti da ƙarfi har ya ɓullo ta ƙofofin saƙar. Mutanen nan sun taso cikin mulkin mallakar Japan, sunka ga yaƙin 1950 zuwa 1953, sannan mulkin soja. Ni ina ganin haƙurin da ke cikin aikin shi ne abin kallo, kamar dukawanmu in suna ɗinkin fata, sai ka matso kusa kake sanin wahalar da anka sha.

Hajiya_Runjin_Sambo:
Malam ya gama magana, amma ɗana kar ka rubuta cewa duk zanensu haka yake. Akwai Nam June Paik, da talabijin ya yi nashi aikin. A 1988 lokacin wasannin Olamfik na Seoul ya jera talabijin 1,003 ya yi hasumiya da su, tana gidan adana zane na ƙasa a Gwacheon. Ta lalace anka kashe ta a 2018, sunka zauna sunka gyara anka sake kunnawa a 2022. Wallahi wanga gyaran shi ya fi taɓa ni, tsoffin talabijin da an daina ƙerawa amma ba su yarda abin ya mutu ba.

DanMabera:
Na gode Hajiya, na gode Malam. To kuɗin fa, gaskiya ne ana saye da tsada?

AbuKanwuri:
Gaskiya ne, zanen Kim Whanki na ɗige-ɗige shuɗi an sayar da shi a Hong Kong a 2019 sama da dala miliyan goma. Amma ka lura ba banza ba, sun gina wurin nunawa ne tukun. Gidan zanen ƙasarsu tun 1969 yake, baje kolin zane na birnin Gwangju tun 1995 ake yi, iyalan marigayi shugaban Samsung Lee Kun-hee kuma a 2021 sunka ba ƙasa kyautar kaya kusan 23,000. Ka sa wannan a aikinka. In ka samu shiga Abuja akwai cibiyar al'adun Koriya, ka tambaye su ranar da suke nuni, ka je ka gani da idonka.